Cin Zali Tsakanin Ɗaliban Sakandare: Tambayoyi da Amsoshi

Na yi shekara shida a makarantar kwana ina ɗalibi, daga baya na koyar a wata, har aka damƙa mini kula da ɗakin kwanan yara maza. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye suka fi tare ni da su ranar ziyara, da waɗanda yara kan yi mini da murya ƙasa-ƙasa bayan an tashi daga firef, wato karatun dare, suna waige kada wani ya gan su tare da malami.

Mene ne cin zali, kuma me ya raba shi da faɗan yara?

Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle yara ɗari biyar da aka tara a gida ɗaya. Idan sa'o'in juna biyu suka yi sa-in-sa a filin ƙwallo har suka dambace, aka raba su, gobe ka tarar suna shan garin kwaki a kwano ɗaya, wannan faɗa ne. A tsawatar musu a wuce wurin.

Cin zali wani abu ne daban. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin da ya yi aikinsa a Jami'ar Bergen ta Norway, yana cikin waɗanda suka fara bin diddigin lamarin tun shekarun 1970. Ya ce ana gane shi da alama uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi har wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Ƙarfin nan ba sai na damtse ba. Aji ƙarfi ne, muƙamin firifet ƙarfi ne, yawan abokai da kuɗin uba da kaifin baki duk ƙarfi ne.

Bahaushe ya san wasa ciki da bai. Bafillace da Babarbare za su wuni suna yi wa juna ba'a, Bakano da Bazazzagi ma haka, kowa yana ramawa, kowa yana dariya, kuma da zarar ɗaya ya ɓata rai sai a bari. To da wannan nake auna abin da yara ke kira "wasa muke yi, Malam". Nakan tambaya: shi wanda ake yi wa, yana dariya? Yana da ikon ramawa? In ya ce a bari, ana bari?

Wane irin kama yake ɗauka a makarantunmu?

A makarantar kwana ta maza, yawancinsa yana fakewa ne a bayan kalmar siniya. Juniya ne zai ɗebo wa siniya ruwan wanka da asuba kafin ya samu nasa, ya wanke masa kaya, ya kai masa kwano ɗakin cin abinci, a kwashe naman a bar masa romo. Ranar ziyara da yamma, iyaye suna juya baya, a buɗe akwati a raba madara da sukari da ƙuli-ƙuli da 'yan kuɗin da aka bar masa. Sai kuma gwale-gwale: kamun kunne, tsallen kwaɗo, durƙuso kan tsakuwa da rana tsaka, kwana a ƙarƙashin gado, duka da bel ko wayar wuta bayan an kashe fitila. Akwai wanda za a ba naira ɗari a ce ya sayo abin ɗari biyar ya kawo canji.

A wajen 'yan mata duka bai kai haka yawa ba, amma abin ya fi shiga rai. Habaici, zunɗe, ƙulla sharri, haɗa baki a yi gaba da yarinya har a yi mako ba mai amsa mata sallama. A laƙaba mata suna saboda launin fatarta, ko jikinta, ko tabon al'ada da ya taɓa fitowa a kayanta a aji. Wannan ba ya barin shaidar da uwa za ta gani a jiki, shi ya sa ya fi daɗewa ba a gano ba.

Makarantar jeka-ka-dawo ma ba ta tsira ba. Nata yana faruwa a bayan azuzuwa lokacin tara, da bakin ƙofa, da hanyar komawa gida, inda wani lokaci ɗalibi kan gayyato abokansa na unguwa su tare yaro.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa: manyan ɗalibai da ke lalata da ƙanana, wani lokaci da sunan uban ɗaki ko uwar ɗaki, ana ba yaro kariya da abinci a karɓi abin da ya fi su tsada. Yana faruwa a makarantun maza da na mata, kuma rufe shi da ake yi don gudun abin kunya ne yake ba shi tsawon rai.

Mu ma siniyoyi sun hore mu, ga shi mun zama mutane. Me ya canza?

Wannan ita ce tambayar da na fi ji, kuma daga bakin mutanen kirki nake jin ta, iyaye maza musamman. Amsata ita ce, waɗanda suka zama mutane su ne suke zuwa taron tsofaffin ɗalibai su ba da labari ana dariya. Wanda abin ya karya ba ya zuwa. A ajinmu akwai wani yaro mai fitsarin kwance, wanda ya fi mu duka iya lissafi. Kullum da safe sai a sa shi ya ɗauki katifarsa a ka ya zagaya gidan kwana ana yi masa waƙa. Muna aji biyu ya tafi hutu bai dawo ba, kuma ban ji ya sake shiga wata makaranta ba. Mu muna tsaye ake yi masa, wasunmu har suna amshi don kada a juyo kansu.

A Birtaniya an bi rayuwar mutanen da aka haifa a cikin mako ɗaya na watan Maris 1958, tun suna jarirai har suka manyanta. A 2014 masu bincike na King's College da ke Landan suka duba bayanan fiye da mutum 7,000 daga cikinsu, suka tarar waɗanda aka ci zalinsu suna da shekara 7 zuwa 11 sun fi sauran fama da ciwon damuwa da fargaba da tunanin kashe kai, kuma har suka kai shekara 50 ana ganin tabon a lafiyarsu da aikinsu da zamantakewarsu. Kusan shekara arba'in ke nan bayan abin ya faru.

Sannan a daina ce mini al'adarmu ce. Tsarin firifet da gidajen kwana Turawan Ingila ne suka zo da shi daga makarantunsu, suka dasa a waɗanda suka kafa mana, tun daga Kwalejin Katsina ta 1921 wadda ta zama Barewa. A can ƙasarsu ƙaramin ɗalibi yakan yi wa babba hidima, ya goge masa takalmi ya haɗa masa shayi, kuma su da kansu sun yi watsi da wannan ɗabi'a kafin ƙarshen ƙarni na 20. Abin da muka gada mu shi ne "babba juji ne". A gidan Bahaushe yaya ne yake goyon ƙane, shi ake tuhuma in ƙanen ya yi kuka. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ma da tausayin ƙarami ya fara kafin girmama babba: ba ya cikinmu wanda bai ji ƙan ƙaraminmu ba, bai kuma girmama babbanmu ba. Mun riƙe rabin ƙarshe mun saki na farko.

Ban ce kada yaro ya yi shara ko ya yanke ciyawa ko ya gaida na gaba da shi ba. Aikin makaranta na kowa ne, kuma yana gina yaro. Wanke wa wani ƙato ɗan kamfai saboda ya riga ka shiga makaranta da shekara biyu, wannan bauta ce.

Abin ya yi yawa ne, ko dai bidiyo ne ya sa muke ganin kamar ya yi yawa?

Duka biyun. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin ɗalibai uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kusa rabi. Abin da waya ta yi shi ne ta fito da na ɓoye fili. A Afrilun 2024 bidiyon wata ɗaliba da ake ta shararawa mari a makarantar Lead British ta Abuja ya karaɗe ƙasa, har aka rufe makarantar na kwana uku. A Nuwamban shekarar kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da ɗalibai 13 na Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Inugu bayan wani bidiyon duka ya fita. Waɗannan makarantu ne da ake da waya mai kyamara da iyaye masu murya. A makarantar kwana ta ƙauye ba mai ɗauka.

Wane yaro aka fi ci wa zali?

Wanda ya fita daban, kuma ba shi da mai tsaya masa. Sabon zuwa, mai ƙaramin jiki, mai in'ina, zabiya, mai sikila da ba ya iya aikin ƙarfi, wanda Hausarsa ko Turancinsa ya bambanta har ake ce masa baƙauye, maraya da ba a zuwa masa ziyara, ɗan wata ƙabila ko wani addini da ya zama shi kaɗai a ɗaki. Ɗan mai kuɗi ma yakan shiga, don akwatinsa ake hari. Haka mai ƙoƙarin da malamai ke yawan yabo a gaban aji.

Amma kada a juya tambayar ta koma "me ya yi aka tsane shi?" In ka cire wannan yaron daga ɗakin, kafin mako biyu an samo wani.

Me ke sa yaro ya zama mai cin zali?

Mafi yawan waɗanda na kama ba mugaye ba ne a gida, iyayensu kan rantse ba za su aikata ba. Wasu fansa suke ɗauka: an yi musu suna aji ɗaya, sun yi shekara biyar suna jiran ranarsu, sai dai waɗanda suka yi musu sun gama sun tafi, bashin ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasu suna neman suna ne a idon abokai. Wasu abin da suke gani a gida suke kwaikwayo, inda mai ƙarfi ne kullum yake da gaskiya. Akwai kuma yunwa, wadda ba a cika ambata ba: in abincin makaranta bai isa ba, kwanon ƙaramin yaro ne yake cike giɓin.

Mu malamai ma da namu laifin. Malamin da ke zagin yaro da "daƙiƙi" a gaban aji ya riga ya nuna wa sauran wanda za su taɓa ba abin da zai faru. Kuma makarantar da ta miƙa wa ɗan shekara 17 bulala ta ce ya kula da yara 60 cikin dare, malamai suka tafi gidajensu suka kwanta, ita ta shirya abin da zai biyo baya.

Ɗana bai ce mini komai ba. Yaya zan gane?

Da wuya ya faɗa. An riga an gargaɗe shi cewa in ya kai ƙara sai ya gane kurensa, kuma a cikin ɗalibai ba sunan da ya kai "munafuki" muni. Namiji yana jin kunyar a ce shi rago ne. Wani kuma tausayinku yake ji, ya san da ƙyar aka haɗa kuɗin makaranta.

Sai ku karanta jikinsa da halinsa. Yaron da hutu yana ƙarewa ciwon ciki ko ciwon kai yake tasowa. Kayan da ke yawan ɓacewa, bokiti yau, takalmi gobe, da kayan shayin wata guda da suke ƙarewa a mako. Yawan neman kuɗi ba bayani. Rama, da cin abinci hannu baka hannu ƙwarya ranar da ya dawo gida. Sakamakon jarrabawa da ya faɗi ba dalili. Firgita cikin barci, ko fitsarin kwance da ya dawo bayan an daɗe da dainawa. Yaro mai surutu ya koma shiru, ko ya fara huce haushi kan ƙannensa. Ranar ziyara ku duba bayansa da gwiwoyinsa da tafin hannunsa, ku kuma lura ko yana yawan waige yayin da yake magana da ku.

"Yaya makaranta?" amsarta ɗaya ce: "Lafiya lau, Baba." Ku sauya tambaya. Wa ke kwana kusa da kai? Ƙarfe nawa kake tashi, me kake fara yi? Wane siniya ne yara suka fi tsoro? Wa aka fi takura wa a ɗakinku? Sau da yawa yaro zai fara da labarin wani abokinsa, alhali kansa yake nufi. Irin wannan hira ta fi daɗi a mota ko a kan hanyar masallaci, inda ba a haɗa ido.

Ya faɗa mini. Me zan yi?

Ka fara da riƙe fushinka, domin yana kallon fuskarka ne ya ga ko ya yi kuskuren faɗa. Ka ce masa ka yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. Kada ka ce "kai ma ka cika sanyi", kada ki ce "yi haƙuri, saura shekara biyu kai ma ka zama siniya". Maganar farko tana rufe masa baki, ta biyu tana rainon azzalumin gobe.

In akwai rauni ko zazzaɓi ko ɗingishi, asibiti ne farko, a ranar, kuma a karɓi rahoton likita a rubuce. Mutuwar Sylvester Oromoni, ɗalibi ɗan shekara 12 na Kwalejin Dowen da ke Legas, a ranar 30 ga Nuwamba 2021, ta girgiza Najeriya. Iyalinsa sun ce manyan ɗalibai ne suka yi masa duka. Kotun binciken musabbabin mutuwa, a hukuncinta na Afrilun 2024, ta wanke makarantar da ɗaliban, ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa, kuma da an kai shi asibitin da ya dace da wuri da an ceto shi. Iyalin ba su yarda da hukuncin ba. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, yaron da ya dawo daga makaranta ba ya iya taka ƙafa ba na jinya a gida ba ne. In kuwa lalata aka yi da shi, kada a wuce awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki.

Bayan haka a rubuta komai: rana, wuri, abin da aka yi, waɗanda suka gani. A ɗauki hoton rauni. A je wa shugaban makaranta da takarda, a riƙe kwafi, don maganar baka tana bin iska. Ka shiga da ladabi, "ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo ni", amma kada ka fita sai ka ji abu biyu: matakin da za a ɗauka da ranar da za a ɗauke shi, da kuma inda yaronka zai kwana yau da dare. Na biyun ya fi muhimmanci. Na sha ganin an zane siniya a taron safe, uba ya koma gida ransa fari, da dare kuma aka rufe ƙofa aka huce a kan yaron.

Kada ka je ka kama ɗan wani ka doka. Ka mayar da kanka mai laifi, ɗanka kuma shi za a bari a wurin.

In ce masa ya rama?

In hanya ta ƙure, yana da haƙƙin kare jikinsa ya samu ya kuɓuta. Amma kada ramuwa ta zama ita ce dabararku. Tun farko don an fi shi ƙarfi aka zaɓe shi, kuma mai cin zali ba ya tafiya shi kaɗai. Yaron da aka ce lallai ya rama, in ya kasa ba zai sake faɗa muku ba, in kuma ya ƙudura sai ya iya, wata rana zai ɓoye wuƙa ko reza a aljihu. Abin da ya fi amfani shi ne ya samu abokai ko da biyu ne, ya daina bin lungu shi kaɗai, ya kuma san malami ɗaya da zai iya zuwa wurinsa kowane lokaci.

An kira ni an ce ɗana ne yake cin zalin wasu.

Zuciya za ta ce a musa. A daure a saurara har ƙarshe, a nemi ganin shaida, sannan a zauna da shi a keɓe. Zai ce wasa ne, zai ce kowa ma yana yi, zai ce shi ma an yi masa. Na ƙarshen yana iya zama gaskiya, a saurare shi, amma ba ya wanke shi. Ya mayar da abin da ya ƙwace, daga kuɗinsa in yana da su. Ya ba da haƙuri ido da ido, in wanda aka zalunta ya yarda su haɗu. In muƙami ne ya sa shi girman kai, ku da kanku ku roƙi makaranta ta karɓe.

Dukan kawo wuƙa ba ya gyara wannan, don darasin da ya riga ya haddace ke nan, cewa babba yana dukan ƙarami. Ku tuna masa hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, inda Allah Yake cewa Ya haramta wa kansa zalunci, Ya kuma sanya shi haram a tsakanin bayinsa. Ku karanta masa aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da aibata juna da jifa da miyagun laƙabi. Iyaye Kirista suna da Matiyu 7:12 a Littafi Mai Tsarki, wadda ta ce ka yi wa mutane abin da kake so su yi maka. Sannan uban da ya yi amfani da muƙaminsa ya kashe maganar, ya sani ya koya wa ɗansa cewa akwai mutanen da doka ba ta hawa kansu.

Ni ɗalibi ne. Ina gani ana yi wa wani, amma ina tsoron a dawo kaina.

Tsoronka yana kan hanya, kuma ba wanda ya ce ka shiga tsakanin ƙarti biyar. Amma ka san wani abu: mai cin zali 'yan kallo yake yi wa. Masu bincike a Kanada sun sa kyamara a filayen wasan makarantun firamare, suka ga a mafi yawan lokuta akwai wasu yara a wurin, kuma idan ɗaya ya sa baki, fiye da rabin lokutan abin yana tsayawa cikin daƙiƙa 10. A Finland, shirin KiVa da Farfesa Christina Salmivalli da abokan aikinta suka tsara a Jami'ar Turku, wanda ya bazu a makarantun ƙasar daga 2009, a kan 'yan kallon ya fi mayar da hankali: in suka daina dariya, kasuwar azzalumi ta watse.

Don haka kada ka yi dariya, kada ka yi amshi, kada ka tura bidiyon. In kuna da yawa ku ce "haba, ya isa haka" tare. In ba hali, ka sulale ka kira malami, ko ka rubuta a takarda ba suna. Bayan an watse ka je wurin yaron ka zauna da shi, ku tafi cin abinci tare. Yaran da suka fi ba ni tausayi ba dukan ne ya fi ci musu rai ba, cewa suke yi "Malam, kowa yana gani, ba wanda ya ce komai."

Kai ƙarar zalunci ba munafunci ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta. Da aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. Buhari ne ya ruwaito.

Na waya fa?

Da can in yaro ya dawo gida ya huta. Yanzu abin yana biyo shi har kan gado: zauren WhatsApp na aji da aka buɗe don zagin mutum ɗaya, hoton yarinya da aka sauya aka watsa a TikTok, shafin bogi a Facebook da sunanta, saurayin da ke barazanar sakin hotunan da ta taɓa tura masa. Kada a mayar da martani, kada kuma a goge kafin a ɗauki hoton saƙonnin da kwanan wata. Sai a toshe mai turowa, a kai rahoto ga manhajar da makaranta. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta barazana ta intanet da yaɗa hotunan tsiraicin yara.

Iyaye su kiyayi ƙwace wayar a matsayin mataki na farko. Yarinyar da ta san faɗa zai jawo a raba ta da wayarta, ko a ce ta zubar da mutuncin gida, za ta yi shiru har abin ya fi ƙarfinta.

Me makaranta za ta yi wanda ya wuce jawabi a taron safe?

Bayan wasu yara maza uku sun kashe kansu a arewacin Norway a 1982, ƙasar ta ƙaddamar da gangami a duk makarantunta a 1983. Shirin da Olweus ya gwada a makarantun Bergen ya rage cin zali da kusan rabi, kuma ba wani sihiri a ciki: a tambayi yara a asirce, a ƙara idon manya a wuraren da abin ke faruwa, a kafa doka bayyananna, a yi aiki da ita kullum.

A wurinmu wannan yana nufin a raba wa ɗalibai takarda ba suna, a tambaye su ina ne kuma yaushe. Za su gaya maka: bayan ɗakin kwana, wurin famfo, banɗaki, bayan kashe fitila, daren Asabar, da makonnin da 'yan ajin ƙarshe suka gama WAEC da NECO suna zaman jiran tafiya. Sai a sa babba a wurin. Dole malamin gida ko mataron su riƙa kwana a cikin harabar ɗakunan, suna zagayawa a lokacin da ba a zata ba. A raba ɗakin 'yan aji ɗaya da na manya. A karɓe bulala daga hannun firifet, aikinsa ya tsaya a rubuta suna ya kai wa malami, kuma wajen naɗa shi a duba hali kafin girman jiki. Ni da na fara zagayen dare sau biyu, ƙarfe goma sha ɗaya da kuma kafin asuba, yaran da ke zuwa ɗakin shan magani da "na faɗi a banɗaki" sun ragu ƙwarai a zango ɗaya.

Akwatin ƙorafi yana da amfani in shugaban makaranta ne kaɗai yake riƙe da makulli, kuma ba a ajiye shi inda kowa zai ga mai sakawa ba. Ofishin malamin ba da shawara ya zama na mai aikin da gaske. Ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙa tambayar ƙorafi nawa aka samu a zangon nan da abin da aka yi a kai, kuma makarantar da ta ce ba ta samu ko ɗaya ba ita ce abar tuhuma. Gwamnatin Tarayya tana da manufar tsaro da kawar da tashin hankali a makarantu tun 2021, UNESCO kuma ta ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don wannan batu. Ranar tana da kyau, amma yaro ƙarfe ɗayan dare yake buƙatar malami.

Yaushe maganar ta wuce makaranta?

In an ji wa yaro rauni, ko an yi lalata da shi, ko an nuna masa makami, ko ana tilasta masa shiga ƙungiyar asiri ko daba. Waɗannan laifuka ne a gaban doka, kayan makaranta ba sa sauya musu suna. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, da irinsu da jihohi suka kafa. Ana iya zuwa wurin 'yan sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. In makaranta ce ta yi kunnen uwar shegu, a rubuta wa ofishin ilimi na shiyya ko ma'aikatar ilimi ta jiha, ko ta tarayya in makarantar tata ce. Za a zo muku da "a rufa asiri, a yi sulhu". Sulhu alheri ne a kan ƙwacen madara, amma wanda ya yi lalata da yaro in aka rufa masa asiri, akwai wasu yaran a ɗakin.

In yaro ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, kada a ɗauka shagwaɓa ce. A ɗauke magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Addu'a da asibiti ba sa hana juna.

In cire shi daga makarantar?

Adalci shi ne mai laifi ya tafi, wanda aka zalunta ya zauna. Amma ba za ka bar ɗanka a hannun waɗanda suka yi masa rauni don ka nuna kana da gaskiya ba. In makaranta ta ɗauki mataki, an sauya masa ɗaki, akwai malamin da ya amince da shi, shi ma ya ce zai iya, a ba su zango ɗaya ana bibiya, da kira ta wayar malamin gida da ziyarar ba-zata. In shugaban makaranta ya fi damuwa da sunan makarantarsa, ko ya ce maka "ai haka bodin take", ko yaron ya roƙe ka da hawaye kada ka mayar da shi, ka ɗauko akwatinsa ranar. Ko ɗan ajin ƙarshe ne an riga an biya kuɗin jarrabawa, ana iya roƙon ya riƙa zuwa daga gida ko daga gidan wani ɗan'uwa da ke garin. Ka bar wa makarantar da ma'aikatar ilimi takardar dalilin tafiyarsa, a sabuwar makarantar kuma ka sanar da malamin ajinsa abin da ya faru tun ranar farko, don ya sa masa ido a makonnin farko.